Raddi ga Masu Cewa Ƙurajen Magani Cuta Ce ke Fita

A Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Kagoro zuwa Zonkwa da Kwoi, akwai wata magana da ta zauna a bakin jama'a har ta zama tamkar ilimi, wato cewa duk wanda ya sha magani ko aka yi masa allura, sai jikinsa ya kama ƙaiƙayi, ko ya feso da ƙuraje, ko ya kumbura, to maganin ne ke aiki, cutar da ke kwance cikin jini ce take fitowa, saboda haka ya daure ya shanye sauran. Ba tsofaffi kaɗai ke faɗar ta ba, ana jin ta a bakin wasu masu kyamis da masu yin allura a gida, kuma da yake an gina ta a kan abubuwan da mutane suka gani da idonsu, tsawa ba ta rushe ta. Sai an bi hujjojinta ɗaya bayan ɗaya, an karɓi abin da yake gaskiya a ciki, sannan an nuna inda aka kauce.

Abin da likitoci ke kira alaji shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta ne, ta ɗauki wani abu marar cutarwa ga yawancin mutane, kamar magani ko abinci, a matsayin abokin gaba, ta auka masa da ƙarfin da zai raunata jikin da take karewa. Wani nau'insa yana zuwa cikin mintoci ko sa'a guda, lokacin da jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke buɗa hanyoyin jini ya kawo borin jini da kumburin fuska. Wani kuma yana jinkiri har kwanaki ko makonni kafin ya bayyana a fata. A dukkan nau'o'in biyu babu wata cuta da ake kora waje, sabuwar cuta ce ta shigo a kan tsohuwa.

Hujjarsu ta farko ita ce Chloroquine, kuma babu mai musun cewa dubban mutane sun sha shi don zazzaɓin cizon sauro, sun kwana biyu ko uku suna susar tafin hannu da tafin ƙafa da fatar kai, sannan suka miƙe lafiya. Sai dai haɗuwar abubuwa biyu a lokaci guda ba ta nuna cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Turawa da mutanen Asiya sun warke da wannan magani ba tare da mafi yawansu sun yi susa ba, domin ƙaiƙayin ya fi kama baƙar fata. Haka kuma lokacin da ƙwayar cutar ta daina jin maganin, har Najeriya ta sauke shi daga matsayin magani na farko a shekarar 2005 ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT, mutane sun ci gaba da susa alhali zazzaɓin bai sake su ba. Binciken da aka wallafa a 2009 daga Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya nuna cewa maganin yana taɓa wasu jijiyoyin fata masu kai saƙon ƙaiƙayi kai tsaye, ba ta hanyar histamin ba, abin da ya bayyana dalilin da ya sa Piriton bai cika kashe wannan susa ba. Ke nan ƙaiƙayin Chloroquine ba alamar waraka ba ne, ba kuma alaji ba ne na haƙiƙa, shi ya sa ba ya zuwa da ƙuraje.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma adalci ya wajabta a tsaya a kanta. Jihar Kaduna tana cikin wuraren farko a Najeriya da aka gwada Mectizan, maganin makantar bakin kogi wanda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987, kuma ƙauyukan yankin Kauru da Lere sun shafe shekaru suna karɓarsa duk shekara, mai rabo yana tsayar da mutum jikin sanda mai alamomi ya auna tsawonsa, ya ƙirga masa ƙwaya gwargwadon inda kansa ya kai. Waɗanda suka sha a shekarun farko sun ga ƙaiƙayi da kumburin gaɓoɓi da zazzaɓi, aka kuma gaya musu tsutsotsi ne ke mutuwa. Wannan gaskiya ne: ƙananan 'ya'yan tsutsar da baƙin ƙudan bakin ruwa mai gudu ke sakawa a jikin mutum suna mutuwa cikin fata, jiki kuma yana tayar da kumburi a kan gawarwakinsu, yanayin da likita Luis Mazzotti na ƙasar Meziko ya siffanta a 1948. Amma wannan hujja, in an duba ta da kyau, a kan masu ita take komawa. Wahalar Mectizan tana zuwa ne gwargwadon yawan tsutsar da ke jikin mutum, tana kuma raguwa shekara bayan shekara har ta ɓace, yayin da alaji yake tafiya akasin haka, wato maimaita maganin yakan sa ya dawo da sauri, sau da yawa da tsanani fiye da na baya. Ban da haka, Mectizan sau ɗaya ake haɗiye shi a rabo, babu wani saura da za a ce mutum ya daure ya shanye, kuma babu tsutsa a fatar wanda ya sha Septrin don tari da za a ce ita ce ke mutuwa.

Hujja ta uku ƙiyasi ce da baƙon dauro, wato ƙyanda, inda ake cewa in ƙurajen ba su fito ba cutar ta koma ciki ta yi kisa. Abin da ke faruwa shi ne ƙurajen ƙyanda aikin garkuwar jiki ne, yaron da garkuwarsa ta yi rauni ƙwarai kan iya kamuwa ba tare da sun fito sosai ba, kuma raunin ne ke kashe shi, ba rashin ƙurajen ba. Haɗarin wannan ƙiyasi shi ne akwai wata cutar magani da farkonta ke kama da ƙyanda ko ƙarambau, wadda likitocin yara biyu na Amurka, Stevens da Johnson, suka siffanta a 1922, ake kuma kiran ta da sunayensu. Tana farawa yawanci tsakanin kwana 4 zuwa 28 da soma shan magani, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido, sannan leɓɓa su tsattsage su yi ɓawon jini, baki da al'aura su yi gyambo, fata ta yi zafi ta tashi bororo ta riƙa saɓulewa in an taɓa. Idan saɓulewar ta haura kashi 30 cikin ɗari na fatar jiki, yanayin da likita Alan Lyell ya siffanta a 1956, kusan mutum ɗaya cikin uku yakan rasu, wanda ya tsira kuma zai iya rasa ganinsa. Magungunan da aka fi sani da jawo ta ba baƙi ba ne a kantunan Kafanchan: Septrin da Fansidar masu sinadarin salfa, magungunan farfaɗiya irin su Tegretol da Phenobarbitone da Phenytoin, sai Nevirapine na cuta mai karya garkuwar jiki. Mai irin wannan ciwo kulawar wanda wuta ta ƙona yake buƙata, a babban asibitin Kafanchan ko a tura shi asibitin koyarwa na Jos ko na Shika, kuma kowace ƙwaya da ya ƙara haɗiya da sunan fitar da cuta tana rage masa damar rayuwa.

Sai masu cewa ai ya sha wannan magani a baya bai yi masa komai ba, don haka ko dai jabu aka sayar masa, ko kuwa hannun mutum ne. Amsar ita ce alaji mai gaggawa bisa al'ada sai jiki ya taɓa haɗuwa da abin ya shaida shi, kamar yadda Charles Richet da Paul Portier na Faransa suka gani a 1902, lokacin da karen da ya jure dafin wata halittar teku a karon farko ya mutu cikin mintoci da aka ba shi ɗan kaɗan bayan makonni. Wannan aiki ne ya ba Richet lambar Nobel a 1913. Jabun da ba shi da sinadarin maganin kuwa ba zai tayar da alajin wannan sinadari ba, lambar NAFDAC a jikin kwali kuma shaida ce ta rajista, ba alkawari ba ne cewa kowane jini zai karɓa.

Game da cewa likitoci da kansu suna umartar a shanye magani, wannan umarni ne ga wanda maganin ya karɓa, kuma ɗaci ko tashin zuciya ko jiri mai sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. Ƙuraje tare da zazzaɓi, ko ciwo a baki da ido, ko kumburin leɓe, su ne ke wajabta tsayawa nan take a koma wurin wanda ya rubuta maganin domin ya musanya shi, ba a zauna a gida babu magani ba, musamman mai farfaɗiya, wanda yanke maganinsa ba tare da madadi ba haɗari ne na daban.

Da'awa ta ƙarshe ita ce komai tsananin abin, manja ko madara ko Piriton sun wadatar. Piriton yana rage borin jini, wannan ba a musu, amma akwai matakin da ake kira anafilaksis, inda maƙogwaro ke kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, bugun jini ya faɗi har mutum ya sume, kuma yakan biyo bayan allurar Penicillin, ko cin gyaɗa ko riɗi ko jatan lande ga wanda jikinsa bai jitu da su ba, ko harbin zuma guda ɗaya ga mai ɗibar zuma da aka sha harbi shekara da shekaru lafiya. Maganinsa allurar adrenalin ce a tsokar cinya, rabin miligiram ga babba, a maimaita bayan minti 5 in babu sauƙi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, kada a tsayar da shi. Ɗura manja a bakin wanda maƙoshinsa ke toshewa na iya tura shi cikin huhu, kuma duk wurin da ake yin allura babu adrenalin a kusa bai cika wurin allura ba.

Abin da ya fi wahalar da likita bayan an kawo majiyyaci shi ne gano wane magani ne, domin wanda ya je kyamis ya ce a haɗa masa na zazzaɓi yakan dawo da farare da jajaye da masu ruwan ɗorawa a ƙulle cikin leda, babu kwali babu suna. Jiki kan ba da shaida wani lokaci, kamar baƙin tabo mai zagaye da ke fitowa a leɓe ko al'aura, ya dushe, ya sake tashi a daidai gurbinsa duk lokacin da aka maimaita maganin, wanda Septrin da Fansidar suka shahara da shi. Mai irin wannan tabo ya kamata ya riƙe sunan maganin a rubuce, kuma mace mai ciki ta faɗe shi tun ranar farko ta awo, domin Fansidar ne ake ba masu juna biyu don rigakafin zazzaɓi, sinadarinsa kuma yakan yi makonni a jini bayan haɗiya ɗaya. Ma'aikacin lafiyar da ya ga irin wannan yana da fom mai ruwan ɗorawa na cibiyar sa ido kan illolin magunguna da NAFDAC ta kafa a 2004, wanda ake cikewa da sunan maganin da ranar da aka fara sha da ranar da alamun suka bayyana.