Dariyar da Ake Yi a Kan Gawa

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani fim na Ingila mai suna Snatch, wanda Guy Ritchie ya shirya a shekarar 2000, wanda har yau masu sha'awar sinima ke yabonsa kamar ba a taɓa yin irinsa ba. Hujjarsu ita ce tarin gwanayen da aka haɗa a cikinsa: Brad Pitt, da Benicio del Toro, da Dennis Farina, da Jason Statham, da Stephen Graham, da Alan Ford, har da Vinnie Jones, tsohon ɗan ƙwallon Wimbledon. Ba mu musanta gwanintarsu ba. Tambayarmu ita ce, wa aka yi wa hidima da ita?

Labarin bai wuce wani ƙaton lu'ulu'u da aka sato daga Antwerp ba, da kuma damben caca a unguwannin Landan. Uban 'yan daba, wanda Alan Ford ya fito a matsayinsa, yana ciyar da aladu da gawarwakin mutane, an kuma tsara maganarsa yadda mai kallo zai riƙe ciki don dariya. Wannan shi ne amfanin tara taurari: kowa ya yi ɗan wasansa ya wuce, ba wanda ya daɗe har ka ji zafin mutuwarsa.

Ku dubi waɗanda aka mai da abin ba'a. Baƙaƙen fata uku, wato Lennie James da Robbie Gee da Ade, an nuna su a matsayin ɓarayin da ko sata ba su iya ba. Brad Pitt kuwa ya fito a matsayin ɗan damben wata al'umma 'yan asalin Ailan masu yawo a gidajen da mota ke ja. Harshensa shi ne abin dariya, sunan zagi kuma shi ne sunan jama'arsa tun daga farko har ƙarshe.

Za a ce ai su suka yi nasara a ƙarshen fim. Haka ne, amma sai da aka ƙone mahaifiyarsa a cikin gidanta, nasarar kuma ta bindiga ce da zamba, wato ainihin abin da maƙiyansu ke zarginsu da shi. A shekarar 2000 ɗin nan kotun Ingila ta yarda cewa mutanen nan ƙabila ce da dokar hana wariya ta kare. A 2011 aka tashe su da ƙarfin 'yan sanda daga Dale Farm a Essex. Wasan kura da akuya, mai kallo ne kaɗai ke kiransa wasa.

Mu da kakanninmu suka ɗanɗana yadda majigin Turawa ke siffanta wanda aka raina, bai kamata mu tafa ba don yau bulalar ta sauka a bayan wani. Ba mu ce a hana kallo ba. Ku kalla, amma kafin haƙoranku su bayyana, ku tambayi kanku da wa ake dariya, kuma wa ya biya kuɗinta.