Bakin ruwan gobara ba sirrin gwamnati ba ne

Ku buɗe OpenStreetMap ku dubi Yamai: otal-otal, gidajen mai, wuraren cin abinci, duk ga su. Yanzu ku nemo bakin ruwan kashe gobara na manyan benaye, ku faɗa mini nawa kuka samu.

Iri biyu ne, kar a haɗa su. Na bakin titi shi ke ba motar pompiye ruwa. Na jikin bene kuwa busasshen bututu ne, mota ke tura ruwa cikinsa ya hau sama. Wanda ya rikita alamarsu a taswira ya aika mota ɗibar ruwa inda babu ko ɗigo.

Wai aikin hukuma ne, mu jira. Haba! Babbar kasuwar Yamai ta ƙone tun 1982, har yaushe ake jira? Wasu kuma wai ɓarayin ƙarfe za su gani. Ɓarawo ai ya riga ya san wurin, mai kiran 18 ne bai sani ba.

Kowa ya zaga kartiyensa da talho, ya sa alama, ya rubuta wane iri ne. In an kafa tebur ko shago an toshe shi, a rubuta wannan ma.