Gidan 'Yar Tsana Ya Koma Cikin Kwamfuta

Iyaye da malamai da dama suna kukan cewa samari da 'yammata, har ma da magidanta, sun duƙufa ga wasannin kwamfuta masu kwaikwayon zaman duniya, inda mutum zai ƙirƙiri ɗan Adam, ya gina masa gida, ya nema masa aiki, ya yi masa aure. Kafin a yanke wa wasannin nan hukunci, ya kamata a fara sanin abin da ake nema a cikinsu.

Mafi shahara a cikinsu shi ne The Sims, wanda wani Ba'amurke mai suna Will Wright ya ƙago, aka fito da shi a shekarar 2000. Gidan mutumin nan ya ƙone a gobarar Oakland ta 1991, kuma wahalar sake tara kayan ɗaki tana cikin abubuwan da suka sa masa tunanin wasan. Da fari ma gidan 'yar tsana ya riƙa kiransa. Ashe ke nan abin ba baƙo ba ne, domin tun kaka da kakanni yara suke gina ɗakin ƙasa, suna yi wa 'yar tsana biki.

Abin lura shi ne, a wasan nan ba a cin kowa. Abin da ake nema shi ne iko. Ƙaramin ma'aikaci da ke zaune a ɗakin haya, wanda ba shi da izinin ko sāke fentin bango, a can shi ke zana gidansa yadda ya ga dama. Ɗalibar da ake zaɓa wa komai, a can ita ke zaɓen sana'a da sutura. Ta haka mutum yake bayyana burin da ke ransa, ya kuma gwada wata rayuwa ba tare da asara ba.

Shekarar 2020 ta tabbatar da haka. A watan Maris, daidai lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Animal Crossing: New Horizons, kuma kafin ƙarshen shekarar an sayar da fiye da miliyan 30. Waɗanda aka hana ziyara sai suka riƙa ziyartar juna a tsibiran wasan. Ko bashin gidan da ake ci a ciki ba shi da ruwa, ba shi da wa'adi.

Amma fa kukan iyaye ba na banza ba ne. Wasan da ba shi da ƙarshe ba ya sallamar mai yinsa, kuma kamfanoni suna sayar da ƙarin kayan wasan kashi-kashi domin aljihu ya ci gaba da zuba. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Jarrabawa da aikin ofis suna nan suna jira.

Saboda haka hani ba shi ne magani ba. Abin da ya dace shi ne a ƙayyade lokaci, sa'an nan uba ya zauna ya dubi gidan da ɗansa ya gina. Watakila a can ne zai ji abin da yaron bai iya faɗa masa da baki ba.