Ku bar Kaka ta kaɗa ƙwaryarta

Idan tsohuwa ta fara mantuwa, sai mu ce, "Kaka, ki huta," mu zaunar da ita a ɗaki. A ganinmu wannan kuskure ne. Zaman shiru ba ya gyara hankali.

Ku dubi mai kiɗan ƙwarya. Hannun dama na bugunsa, na hagu na nasa, kunne na bin sauran mata, ga waƙa a baki. Da hankalinta ya tafi wani wuri, sai kiɗan ya ɓaci, dole ta komo da shi. Wannan komowar ita ce aikin da ƙwaƙwalwa take bukata. Lugude ma haka yake, sai dai taɓarya ta yi wa tsohuwa nauyi.

Wasu za su ce kiɗa sana'ar maroƙa ce, bai kamaci dattijo ba. To, ai ba roƙo za a je ba. Ƙwarya a kife, ko tafi kawai, tare da jikoki bayan tuwon dare, ya isa.

Amma kiɗa ba magani ba ne. In tsoho ya ruɗe farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya mutu, ku kawo shi asibiti nan take. Sau da yawa hawan jini ne ya jawo.