Cibiyar Ladi Kwali ta Suleja: A ceto ta kafin katafila ta iso

Duk wanda ya juya bayan takardar Naira 20 zai ga wata mata a duƙe tana gina tukunya. Ladi Kwali ke nan. Sunanta na kan wani titi a Abuja, akwai babban zauren taro da ake kira da shi, kamfanin Google ma ya karrama ta a shafinsa a watan Maris na 2022. Amma wurin da ta yi aikin da ya jawo mata wannan ɗaukaka, wato cibiyar koyar da ginin tukwane ta Suleja, ya daɗe cikin halin ni-'yasu, kamar yadda jaridu suka sha kawo rahoto.

A ƙasar nan ba kasafai ake rushe ginin tarihi da rana tsaka ba. Sakaci ake fara aikawa. Rufi ya yaye, damina ta ci bango, ciyawa ta rufe fili, sannan wani jami'i ya rubuta cewa ginin ya zama haɗari ga jama'a. Daga nan sai katafila, sai jerin shaguna. A gari irin Suleja, inda ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu ke kwarara kullum, duk fili mai faɗi a cikin gari akwai idon dillalai a kansa.

Tarihin wurin ya cancanci a tsaya a kansa. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko wani Bature maginin tukwane daga Ingila, Michael Cardew, ya zagaya yana neman inda ya dace a kafa cibiya. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga randunan wata maginiya daga ƙauyen Kwali, waɗanda Sarkin ya tara saboda kyawunsu. Garin, wanda a lokacin shi ne ake kira Abuja, yana da yumɓu da itacen gashi da ruwa, don haka a nan aka kafa cibiyar a farkon shekarun 1950. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko, kafin irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa su biyo sahu.

Abin da ya faru a wannan fili ba ƙarami ba ne. Ladi ta ci gaba da gina randa da hannu yadda ta koya a gida, tana zana mata kunama da ƙadangare da kada da hawainiya, sai dai yanzu ana shafa mata ruwan ƙyalli a gasa ta a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Randar ta yi nauyi, ta kuma daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, ta tashi daga kayan tsakar gida ta koma kayan kallo. Masana na muhawara har gobe ko riba aka ci ko hasara aka yi, kuma a ganina duka ɓangarorin suna da abin faɗa. Amma waɗannan randuna ne aka baje a Landan a 1958 da 1959 da 1962, su ne suka kai ta rangadin Amurka a 1972, suka sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, matar da ba ta taɓa zama a aji ba. Ta rasu a Minna a 1984.

Za a ce Suleja na fama da ƙarancin ruwa da cunkoso da matasa marasa aiki, ina ruwan talaka da tsohon tanderu? Tambayar tana kan hanya. Amsarta ita ce tun asali wurin makarantar sana'a ne. Waɗanda suka koyi aiki a nan, irin su Danlami Aliyu, sun je sun buɗe nasu wuraren, sun koyar da wasu. Yau masu sha'awar tukwane daga Abuja Bwari da Ushafa suke nufa da kuɗinsu, alhali uwar sana'ar tana nan kusa da Dutsen Zuma.

Akwai kuma batun haƙƙi. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 ya sadaukar da sunansa da yanki mai yawa na ƙasarsa domin a gina sabon babban birni bayan dokar 1976. Ko'ina a duniya aka rubuta "tukwanen Abuja" a gidan adana kayan tarihi, Suleja ake nufi. Idan cibiyar ta tafi, da me za a nuna wa yaron da aka haifa bana cewa haka ne?

Kada kuma a ɗauka cewa sanya wuri a jerin kayan tarihi na ƙasa ya wadatar. Gidan Ilojo Bar na Legas yana cikin jerin tun 1956, dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 tana kare shi, amma aka baje shi a ranar 11 ga Satumba, 2016, ana jajiberin Babbar Sallah. A Kano, Ƙofar Na'isa ta faɗi a 2010 saboda faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Ginin da babu mai shiga cikinsa kullum, takarda ba ta tsare shi.

Saboda haka aikin farko na Gwamnatin Jihar Neja ne: a auna filin, a kafa masa duwatsun iyaka, a buga takardar mallakarsa a fili yadda ba wanda zai yanki ko taku ɗaya a ɓoye. Sai a gyara rufi kafin damina mai zuwa, da kayan gini irin na asali, ba a rushe a sake da bulo da sunan gyara ba. Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, Malam Muhammad Awwal Ibrahim, ya taɓa mulkin jihar daga 1979 zuwa 1983, ya san ƙofofin Minna sarai. Idan fada ta jagoranci kwamitin amintattu tare da sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, za a iya dawo da ɗalibai cikin shekara guda. Babban Bankin Najeriya, wanda ke buga hoton Ladi tun 2007, shi ma ya kamata a aika masa da lissafin gyaran tanderun.