Ba kowane ciwon ciki ba ne olsa

A hostel ɗinmu, da ciki ya murɗa wa mutum sai ka ji an ce, "Olsa ce, je kemis ka karɓo maganin ruwan nan." Wannan ɗabi'a tana da haɗari, domin akwai ciwon cikin da ba ya jiran a gama jarrabawa.

Hanji ma da jini yake rayuwa. Manyan jijiyoyi uku ne ke kai wa kayan ciki jini, kuma idan hanyar ta toshe, cikin awa shida ko makamancin haka hanjin zai fara mutuwa. A wajen tsofaffi, yawanci gudan jini ne ke tasowa daga zuciyar da bugunta ya rikice, ko kuma kitse ya cushe jijiyar. Irin waɗannan, ciwo kan kama su jim kaɗan bayan cin abinci, har su riƙa gudun tuwo, su rame.

Mu matasa fa? Tamu hanyar daban ce. Ƙaba ko gwaiwa, wadda samari ke ɓoyewa don kunya, tana iya shaƙe hanji a matsematsi ta hana shi jini. Hanji na iya murɗewa a kan kansa. Masu sikila, masu shan taba da mata masu shan wasu ƙwayoyin tsarin iyali sun fi fuskantar daskarewar jini. Gudawa da amai masu tsanani ma kan sa jini ya yi ƙasa.

Alamar da ya kamata ta tsorata mu ita ce ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, alhali in an danna cikin yana da laushi. Haka in ga amai, ko jini a bayan gida, ko kumburin ƙaba ya ƙi komawa. Tramadol zai rage zafin, amma hanjin na ci gaba da ruɓewa.

Magani na asibiti ne: ƙarin ruwa, hoton CT, allurar hana jini daskarewa, sai tiyata a buɗe jijiyar ko a yanke ɓangaren da ya mutu. Ƙabar da aka gyara tun da wuri kuwa ƙaramin aiki ne.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyar ɗalibai ta matsa wa hukumar makaranta a tanadi motar da za ta kai mara lafiya babban asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne. Kilinik ɗin makaranta ba ya tiyata.