Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Jama'a, a makarantunmu na furamare malami kan shiga aji shi kaɗai, ya fito shi kaɗai. In yara sun kasa gane lissafin rabawa, sai ya ce ba su da kai, alhali malamin ajin da ke maƙwabtaka da shi ya san dabarar. Ba wanda ya tambayi wani.

A ƙasar Japan ba haka ake yi ba. Malamai kan taru su shirya darasi guda. Ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya bayan aji suna lura da inda yara ke yin tuntuɓe, in an tashi su zauna su gyara. A shekarar 1976 mun buɗe ƙofar makaranta ga kowane yaro, amma wannan ɗabi'a ba ta samu gindin zama a wurinmu ba.

To, abin ba ya bukatar kwas ko alawus. Hedimasta ya ware sa'a guda kowane mako, malamai su baje littattafan yara su duba tare. Wanda ke jin kunyar abokin aikinsa ya ga kuskurensa, ya tuna cewa aji guda ne zai kwashi kuskuren nan ya kai gida.